Babi na Bakwai: Inda Wuta Ke Fara Kamawa

A shekarar 2005 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, Christos Markides da Epaminondas Mastorakos, suka wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙin tsari. Sun samu bututun gilashi mai jure zafi, suka riƙa tura iska ta cikinsa bayan sun gasa ta har ta kai wajen digiri 700 a ma'aunin Selsiyas. A tsakiyarsa suka sa wani siririn bututu yana fesa iskar haidurojin. Babu ashana, babu tartsatsi, babu wani abin kunnawa, amma duk da haka wuta takan kama da kanta. Yadda take kamawar ne ya fi jan hankalinsu. Maimakon harshe guda da zai tsaya wuri ɗaya, sai suka ga ɗigo-ɗigon haske, wannan ya ɓullo nan ya mutu, wancan ya ɓullo can ya mutu, kowanne da 'yar ƙararsa, kuma ba mai iya nuna maka da yatsa inda na gaba zai fito. Da suka ƙara wa iskar gudu sai ɗigon suka matsa can gaba, nesa da bakin siririn bututun, suka kuma ƙara jinkirin fitowa.

Me ya bambanta gurbin da ya kama da maƙwabcinsa da bai kama ba, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba? Kyamara, komai saurinta, tana ganin wuta ne bayan ta riga ta kama. Abin da ya gudana kafin hasken ya bayyana shi ne ainihin labarin, kuma idan ka cusa ma'aunin zafi a wurin, shi kansa ma'aunin zai dagula abin da kake son gani. Wannan ne ya sa masana suka koma ga kwamfuta, suna gina wutar da lissafi, inda za su iya tsayar da lokaci su leƙa kowane lungu su tambayi abin da ke cikinsa.

Kafin a gina wuta a kwamfuta dole a san abin da ake ginawa. A makaranta an koya mana cewa haidurojin da oksijin suna haɗuwa su ba da ruwa. Gaskiya ne, sai dai ƙarshen zancen ke nan. Tsakanin farko da ƙarshe akwai matakai wajen 20, da nau'o'in ƙwayoyi 9 idan aka haɗa da naitirojin ɗin da ke cikin iska. Waɗanda suka fi muhimmanci su ne gutsattsarin ƙwayoyi da ba sa iya zama su kaɗai na tsawon lokaci, waɗanda masana ke kira radikal, wato H (gutsuren haidurojin) da O (gutsuren oksijin) da OH (haɗin biyun). Idan ƙwayar H guda ta yi karo da ƙwayar oksijin da isasshen ƙarfi, takan raba ta gida biyu, a samu O da OH. Su kuma waɗannan su afka wa haidurojin ɗin da ke kusa, su fizge rabinsa, su saki sabuwar H. Kafin a kammala zagaye guda, H ɗayan da aka fara da ita ta zama 3. Su 3 su zama 9, su 9 su zama 27, haka har abin ya fi ƙarfin ƙidaya, zafi ya tashi, haske ya bayyana. Fayyace irin wannan yaɗuwa mai rassa ne ya sa aka ba Nikolay Semenov na Tarayyar Sobiyet da Cyril Hinshelwood na Ingila kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 1956.

Akwai kuma wata hanya da ke hamayya da wannan. Idan H da oksijin suka yi karo, sai ga ƙwaya ta uku a wurin ta kwashe ƙarfin karon, to ba za su rabu ba, mannewa za su yi su zama HO2, wani radikal mai nawa wanda ba ya gaggawar haifar da komai. Duk H ɗin da ta bi wannan hanya ta fita daga zagayen ke nan na ɗan lokaci. Hanyar farko tana son zafi, ta biyu tana son matsi. A matsin iskar da muke shaƙa, hanyoyin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen digiri 700. Idan an haura haka da kaɗan, cakuɗin zai kama cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Idan an gaza da kaɗan, jinkirin zai ninka sau ɗaruruwa. Bambancin digiri 20 ko 30 a wannan iyaka ya isa ya raba wurin da zai yi wuta da wanda ba zai yi ba. Gwajin Kambirij kuwa a kan wannan iyakar aka yi shi.

Da a ce iskar a kwance take, da lissafin bai fi ƙarfin ƙaramar kwamfuta ba. Matsalar ita ce iskar da ke gudu ba ta tafiya a natse. A 1883 Osborne Reynolds ya nuna haka a birnin Manchesta, da ya ɗiga rini a tsakiyar ruwan da ke bin bututun gilashi. Da ruwan ke tafiya a hankali, rinin ya miƙe zare guda har ƙarshen bututun. Da aka ƙara gudu, zaren ya kakkarye, ya murɗe, ya watsu ko'ina. Daga nan aka samu adadin da ke ɗauke da sunansa, wanda ke auna yadda gudu da girman bututu suka rinjayi danƙon ruwan ko iskar. A bututu, da zarar adadin ya haura wajen 2,000, hargitsi na iya farawa. A cikin wannan hargitsi manyan guguwoyi kan farfashe su zama matsakaita, matsakaita su zama ƙanana, har a kai waɗanda danƙon iska ke shanyewa su koma zafi. Andrey Kolmogorov ya ba da hanyar ƙiyasta girman mafi ƙanƙantarsu a 1941, kuma a cikin inji mai gudu sukan kasa kashi ɗaya bisa goma na milimita. Waɗannan guguwoyi su ne ke ɗibar haidurojin mai sanyi su naɗe shi da iska mai zafi, su ja shi ya yi siriri, su ninke shi, su sake ja. A kowane gurbi, a kowane lokaci, yawan haidurojin daban ne, zafi daban ne.

Ƙa'idojin lissafin da ke bayyana motsin iska ba sababbi ba ne. Claude-Louis Navier ya rubuta su a 1822, George Stokes ya kammala su a 1845. Warware su da alƙalami ne ya gagara, har ma a shekarar 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya warware wata tambaya ta asali a kansu. Abin da kwamfuta ke yi shi ne ta yanka sararin da ake nazari zuwa ƙananan gurabe, ta rubuta gudun iska da zafi da matsi da yawan kowane sinadari a kowane gurbi, sannan ta matsa gaba da ɗan ƙanƙanin lokaci ta sake lissafa komai, ta maimaita haka sau dubban ɗaruruwa.

Injiniyan da ke zana injin wutar lantarki ba shi da halin bin kowace guguwa, saboda haka yakan lissafa matsakaicin motsin ne kawai, ko ya lissafa manyan guguwoyin ya ƙiyasta aikin ƙananan. Amma akwai hanya ta uku da ba ta yarda da ƙiyasi ko kaɗan, wadda ake taƙaita sunanta da DNS, wato lissafi kai tsaye. A nan gurabe dole su ƙanƙance har su kama guguwa mafi ƙanƙanta da kuma kaurin harshen wutar, wanda a haidurojin bai kai rabin milimita ba. Tsadarta ba ta da kyan ji: idan adadin Reynolds ya ninka sau 10, aikin kwamfutar zai ninka wajen sau 1,000. Steven Orszag da abokin aikinsa Patterson su ne suka fara yin irin wannan lissafi a 1972 a Amurka, da gurabe 32 ta kowane ɓangare, jimla 32,768, kuma babu wuta a ciki, iska ce zalla.

Shekaru 25 bayan haka, a 1997, Mastorakos tare da Thierry Baritaud da Thierry Poinsot suka wallafa wani lissafi da suka yi a Faransa, na makamashi mai sanyi da ke cakuɗuwa da iska mai zafi cikin hargitsi. Abin da suka gano ya saɓa wa abin da hankali zai fara ba mutum. Kowa zai ɗauka wuta za ta fara ne inda makamashi da iska suka daidaita daidai wa daida, wanda a haidurojin kusan kashi 30 ne cikin 100. Lissafin ya nuna tana farawa ne can gefe, inda makamashin ya yi ƙaranci ƙwarai amma iska mai zafi ta fi yawa, domin a kan iyakar da muka ambata ɗan ƙarin zafi ya fi ɗan ƙarin makamashi tasiri nesa ba kusa ba. Amable Liñán da wani abokin aikinsa a Madrid sun riga sun hango wannan da alƙalami tun 1976 a kan iska mai tafiya a natse. Sabon abin da kwamfutar ta ƙara shi ne sharaɗi na biyu: ko a cikin wuraren da cakuɗin ya dace, ba duka ke kamawa ba, sai waɗanda cakuɗawar ta lafa a cikinsu. Inda guguwa ke jan iska da ƙarfi, zafi da radikal suna zurarewa kafin su taru. Inda ta sassauta, galibi a tsakiyar guguwar, sukan samu sukunin taruwa.

Duk wanda ya taɓa fifita garwashi ya san rabin wannan magana: fifitawa ce ke kawo iskar da wuta ke bukata, amma idan garwashin bai yi ƙarfi ba kuma aka matsa masa, ita ce za ta kashe shi. Hargitsin iska ma fuska biyu gare shi, shi ke haɗa makamashi da iska har su iya kamawa, shi ne kuma ke tarwatsa ɗan zafin da suka fara tarawa. Ɗigon haske na Kambirij su ne guraben da suka dace da sharuɗɗan biyu a lokaci guda, kuma tunda guguwoyi ba sa maimaita kansu, wurin da dacen zai faɗa kullum canzawa yake.

Lissafin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne wanda Chun Sang Yoo da Ramanan Sankaran da Jacqueline Chen suka wallafa a 2009. Chen tana jagorantar wannan aiki ne a cibiyar nazarin ƙonewa ta Sandia da ke Livermore a jihar Kalifoniya, da wata manhaja tasu mai suna S3D. Sun kwaikwayi feshin haidurojin da aka surka da naitirojin, yana kutsawa cikin iska mai zafin digiri kusan 830, da adadin Reynolds 11,000. Kowane gefen sararin da suka lissafa bai wuce 'yan santimitoci ba, amma sun yanka shi gurabe sama da miliyan 940, kuma aikin ya cinye miliyoyin sa'o'in lissafi a kan babbar kwamfutar Jaguar ta cibiyar Oak Ridge. Irin wannan harshen wuta ba ya manne da bakin bututu, yakan tsaya ne a ɗan gaba, a sarari, ba tare da wani abin riƙewa ba, kuma an daɗe ana gardama kan abin da ke tsayar da shi a wurin. Wasu na cewa harshen ne ke cin hanyarsa yana komowa baya da saurin da ya yi daidai da na iskar. Lissafin ya nuna cewa a wannan yanayi gindin wutar kama kansa yake yi sabo a kai a kai, ta ɓangaren da makamashi ya yi ƙaranci. Shaidar kuwa ita ce HO2, radikal ɗin nan mai nawa: an gan shi yana taruwa a duhu, kafin inda OH da haske suke bayyana. Abin da ake ɗauka maƙabartar radikal ne sai ya zama shi ne alamar cewa wuta na nan tafe. Yau masu bincike da dama suna duba taruwar HO2 ne idan suna son bambance wutar da ta kama da kanta da wadda ta yaɗu daga wani wuri.

Haidurojin yana da wata ɗabi'a da sauran makamashi ba su da ita a wannan mataki. Ya fi iska rashin nauyi wajen sau 14, kuma ƙwayoyinsa suna ratsa iska da saurin da ya ninka na zafi wajen sau uku. Idan harshen wuta ya ɗan yi tozo zuwa cikin cakuɗin da bai ƙone ba, haidurojin yakan kwararo cikin tozon ta kowane gefe kafin zafi ya tsere, sai tozon ya ƙara zafi, ya ƙara gudu, ya ƙara fitowa. A kwarin da ke tsakanin tozo biyu kuma makamashi ya ƙare, wuta ta yi rauni ko ta mutu. Sakamakon shi ne harshe mai tsattsagewa da ba ya zama sumul. Lissafe-lissafen da John Bell da Marc Day suka yi a Berkeley, da na rukunin Heinz Pitsch a Aachen ta Jamus, sun nuna cewa cakuɗin da haidurojin ya yi ƙaranci a cikinsa yana iya ci da saurin da ya ninka abin da tsohon lissafi ke bayarwa sau da dama. Yawancin manhajojin injiniyoyi an gina su ne a kan iskar gas ta girki da ta tashoshin lantarki, inda ake ɗauka cewa zafi da sinadarai duk gudu ɗaya suke ratsawa. Wanda ya ɗauki wannan zato ya ɗora a kan haidurojin zai samu amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba ce.

Wannan ba nazari ne na neman suna ba. Haidurojin yana kamawa daga kashi 4 har zuwa 75 cikin 100 na iska, alhali iskar mesen da ke cikin gas tana kamawa ne tsakanin kashi 5 da 15 kawai. Tartsatsin da zai kunna shi bai kai kashi ɗaya bisa goma na wanda mesen ke bukata ba. Harshensa kusan ba ya ganuwa da rana, har ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Amurka sun taɓa riƙa tsintsiya a gabansu idan suna neman inda yake ci, in ta kama sun san sun iso. A ƙauyen Bourakébougou na ƙasar Mali, masu haƙa rijiyar burtsatse sun ci karo da haidurojin yana fitowa daga ƙasa a 1987, kuma sigarin wani da ya leƙa ramin ne ya sanar da su abin da suka tono. Daga 2012 aka fara ba ƙauyen lantarki da iskar. Kowace masana'antar takin zamani da ke yin amoniya, har da waɗanda ke Najeriya, sai ta fara samar da haidurojin mai yawa a ƙarƙashin matsi. Masu ƙera injunan lantarki kuma suna son su ƙona shi a maimakon gas, amma a cikin injin ana cakuɗa makamashi da iska mai zafi tun kafin su isa ɗakin ƙonewa, kuma idan suka kama a wannan mashigi ƙarfen da ba a yi shi don wuta ba ne zai narke.

Akwai wani abin mamaki da ya daɗe yana damun masu kula da tsaron masana'antu: tulun haidurojin mai matsi yakan fashe ko ya huje, wuta ta tashi nan take, a bincika a rasa tartsatsin da ya kunna ta. Piotr Wolański da Stanisław Wójcicki na ƙasar Polan sun ba da bayani tun farkon shekarun 1970, cewa iskar da ta kuɓuce da ƙarfi tana tura wani bugu a gabanta wanda ke danne iskar waje ya gasa ta cikin ƙiftawar ido. Haidurojin mai sanyi ya biyo baya, ya tarar da iska mai zafi, yanayin Kambirij ya haɗu ba tare da kowa ya shirya shi ba. Gwaje-gwajen Frederick Dryer a Princeton a 2007, da lissafe-lissafen da suka biyo baya, sun nuna cewa siffar bututun da iskar ke bi ce ke yanke hukunci: idan yana da tsawo, bugun yakan yi ta karo da bango yana dawowa, cakuɗawa ta samu lokaci, wuta ta fara daga gefen bango. Motocin haidurojin irin su Toyota Mirai suna ajiye shi a matsin da ya ninka na iska sau 700, saboda haka tsawo da faɗin bututun da zai saki iskar in an shiga haɗari ba abin da za a zaɓa da ka ba ne.

Mafi muni shi ne idan ci ya rikiɗe ya zama fashewa. Harshen haidurojin a iska mai kwanciya yana tafiya ne mita 2 zuwa 3 a sakan. A cikin gini mai cike da bututu da ginshiƙai, kowane cikas yana haifar da guguwa, guguwa ta ƙara wa harshen faɗi, faɗin ya ƙara gudu, gudun ya ƙara guguwa. Elaine Oran da Vadim Gamezo, a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka, sun kwaikwayi wannan a kwamfuta, suka ga bugun da harshen ke turawa gaba yana karo da cikas ya bar wani gurbi mai zafi a kusurwa. Idan zafin ya sauka a hankali daga tsakiyar gurbin zuwa gefe, kamar yadda Yakov Zeldovich ya bayyana, sassan gurbin sukan kama ɗaya bayan ɗaya da saurin da zai haɗe da bugun, a samu fashewa mai gudun kusan kilomita 2 a sakan da matsin da ya ninka na iska wajen sau 15. A tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan, tururi ya ci ƙarfen zakoniyam da ke lulluɓe da makamashin nukiliyar bayan sanyaya ta tsaya, haidurojin ya taru a saman gine-gine, suka tarwatse ranakun 12 da 14 da 15 ga Maris 2011.

Duk da ƙaunar da nake yi wa wannan aiki, ba na son mai karatu ya ɗauka hoton da kwamfuta ta zana shi ne wutar. Saurin kowane mataki daga cikin matakan nan 20 an auno shi ne a ɗakin gwaji, kuma kowane awo yana da nasa kuskuren. Akwai wani murhun gwaji da Ricardo Cabra da abokan aikinsa suka gina a Berkeley a farkon shekarun 2000, inda feshin haidurojin ke shiga iska mai zafin digiri wajen 770. Masu lissafi a duniya sun yi ta gwada manhajojinsu a kansa, sai aka lura cewa canjin digiri 10 ko 20 a zafin iskar yana ɗaga gindin wutar ko ya sauke shi sosai, alhali kuskuren ma'aunin zafin da kansa ya kai haka ko ya fi. Wato mai lissafi na iya ɗan murɗa zafin a cikin iyakar kuskuren har amsarsa ta yi daidai da gwaji, ba tare da manhajarsa ta yi gaskiya ba. Ina ganin wajibi ne duk wanda ya kawo sakamako irin wannan ya nuna yadda amsar ke sauyawa idan aka motsa zafin sama da ƙasa, ba hoto guda da ya dace ba.

Sannan yawancin manyan lissafe-lissafen da aka ambata an yi su ne a matsin iskar da muke shaƙa, alhali injin lantarki yana aiki a matsin da ya ninka haka wajen sau 20. A can harshen wuta yakan ƙara sirancewa, guguwoyi su ƙara ƙanƙancewa, gurabe su ninka ta ɓangarori uku a lokaci guda. Iyakar da hanyoyin biyu ke kunnen doki ita ma takan haura sama, ta yadda HO2 ba ya zama a gefe kuma: yakan koma H2O2, shi kuma ya rabe ya ba da OH biyu, wuta ta kama ta wata hanya dabam da ta bututun Kambirij. Kwamfutar Frontier da aka ƙaddamar a Oak Ridge a 2022 ita ce ta fara haura lissafi biliyan sau biliyan a sakan guda, tana shan lantarki sama da megawat 20, kuma nazarin ƙonewa na cikin ayyukan da aka shirya mata tun kafin a kunna ta. Ko da ita, abin da ake iya lissafawa kai tsaye a irin wannan matsi yanki ne ƙarami na ɗakin ƙonewa, wanda daga shi ake ciro ƙa'idojin da za a zuba cikin manhajojin da injiniyoyi ke zana sauran injin da su.